Mai Shela, Dillali da Mai Shaida

A garuruwan Hausa na dā akwai mutum uku waɗanda aikinsu da baki ne, kuma ko yaro ba ya rikita ɗaya da ɗaya. Sankira in ya tsaya a bakin kasuwa ya ɗaga murya, kowa ya san maganar ba tasa ba ce, ta sarki ce, shi ɗauko ta kawai ya yi. Dillali in ya yabi sa a kara, ya ce ba a taɓa ganin irinsa ba, mai saye yakan yi murmushi, gama ya san akwai la'ada a bayan yabon, sai ya buɗe bakin san ya dubi haƙoransa da kansa. Mai shaida kuwa a gaban alƙali yake tsayawa, ba a biyansa, ba a kuma tambayarsa abin da ya ji ana faɗi, sai abin da idonsa ya gani. Ba a ce mutanen nan uku tsarkaka ne ba. Amma jama'a sun san wanda yake ciyar da kowane baki, saboda haka sun san mudun da za su auna maganarsa da shi.

Sa'ad da jarida da rediyo suka zo, ba su rushe wannan rabo ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, an san gidan da take fitowa da gwamnatin da take ɗaukar nauyinta. Wanda ya kama BBC Hausa, da ta fara watsa shiri a 1957, ya san daga Landan ake yi masa magana. Wanda ya kama Muryar Sahel ya san muryar hukuma ce, wanda kuma ya kama Muryar Bishara ya san masu bi ne suke wa'azi. Bayan fitowar jaridar Haske a Yamai a 1990 da babban taron ƙasa na 1991, bakuna sun yi yawa a Nijar, duk da haka kowannensu yana da suna da ƙofar gida. In an gama labarai akan sa ɗan kiɗa, sa'an nan talla ta biyo baya, ko tsohuwa tana daka ta san an bar labari an shiga ciniki. Gaskiya ne, akwai ɗan jaridar da akan damƙa wa kuɗin mota bayan taro, ya koma ya rubuta abin da zai yi wa mai taron daɗi. Amma in ya yi ƙarya akwai edita a bisansa, akwai kuma inda za a kai ƙara.

Wayar salula ce ta tara mutanen nan uku a tafin hannu ɗaya. An buɗe Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, TikTok kuma ya bazu a duniya wajen 2018. Ga ƙasar Hausa, babban canji ya zo a 2013, sa'ad da WhatsApp ya ba da hanyar aika saƙon murya, domin daga nan wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya sami ikon yin shela ga mutum ɗari yana zaune a gindin bedi. Yau saƙon rasuwa, da hoton wani hari, da tallar maganin basir, da ayar Littafi Mai Tsarki duk suna shigowa ta ƙofa ɗaya, da kama ɗaya, daga hannun ɗan'uwa ɗaya. Babu kiɗan da yake raba su.

Ya kamata mai karatu ya san abin da kamfanonin nan suke ci, tun da shi ke ba su karɓar ko dala daga wurin mai buɗe shafi. Meta, kamfanin da yake da Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kusan dalar Amurka biliyan 135 a shekarar 2023, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin daga talla suka fito. Watau abin da yake sayarwa shi ne idon mutane da lokacinsu. An shirya kwamfutocinsa su lura da inda yatsa ya tsaya, da abin da mutum ya daɗe yana kallo, su ƙaro masa irinsa. Ba a gina su domin su bambance gaskiya da ƙarya ba, an gina su domin su riƙe mutum kada ya ajiye waya. Abin da ya fi riƙe ɗan Adam kuwa an san shi tun zamanin kakanni: tsoro, da fushi, da abin mamaki, da kwaɗayi. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun bi sawun labarai wajen 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka tarar labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya yake ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Ɗan jarida na ƙwarai ma yanzu a wannan kasuwa yake baje kolinsa, masu talla sun bar jaridarsa sun bi jama'a zuwa waya, shi kuma ana jarabtarsa ya sa wa labari kan da zai razana mutane domin a buɗe.

Ba daidai ba ne a ce abin duk mugunta ne. Ran 25 ga Mayu 2020, a birnin Miniyafolis na Amurka, wata yarinya ƴar shekara 17 ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton ɗan sanda yana danne wuyan George Floyd har ya mutu. Sanarwar farko da ƴan sanda suka fitar ba ta faɗi haka ba. Hoton yarinyar ne ya tsaya a matsayin mai shaida, a Afrilu 2021 kuma kotu ta sami ɗan sandan da laifin kisa. Manomin albasa a Galmi yana iya jin farashin buhu a Yamai ko a Akara kafin mai mota ya iso gonarsa. Gwauruwa mai ɗinki tana ɗora hoton zannuwanta a waya, ta sami masu saye ba tare da ta biya gidan rediyo ba. Waɗannan alheri ne, wanda ya raina su bai taɓa zama da amfanin gona yana ruɓewa a hannunsa ba.

Tambayar da take gaban mai bi ita ce wannan: mutumin da bai ƙirƙiri labari ba, bai ƙara masa ko kalma ba, turawa kawai ya yi, in labarin ya zama ƙarya yana da laifi? Amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce, "Ni ma turo mini aka yi." Maganar tana da kamar gaskiya, gama ba a kama ɗan aike da laifin wasiƙa. Amma ɗan aike akwai wanda ya aike shi, akwai wanda aka aike shi wurinsa. Mai tura saƙo ba wanda ya aike shi. Shi ya duba, shi ya zaɓa, shi ya ga ya kamata ƙanwarsa da fastonsa da ƴan zumuntar matasa su ji.

A farkon watan Agusta 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shiga Legas, wani saƙo ya ratsa Najeriya cikin dare ɗaya, yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai rigakafi ne. Aƙalla mutum biyu suka mutu, waɗansu da dama aka kwantar da su a asibiti. Waɗanda suka tashi ƴan'uwansu da tsakar dare domin su gaya musu ba maƙiya ba ne. Uwaye ne, da ƴaƴa, da abokai, ƙauna ce ta hana su barci. A nan ne maganar take da wuya. Niyyarsu fari ce fat, amma gishirin bai tambayi niyya ba kafin ya shiga jikin mai hawan jini. Abin da ya sa aka sha shi kuwa, ba domin an san likitan da ya faɗa ba, domin muryar da ta faɗa ta ɗan'uwa ce. Ashe mai turawa yana ƙara wa saƙo wani abu, ko bai taɓa kalma ɗaya ba: yana ƙara masa fuskarsa. Shekarun da ya yi yana riƙon amana, yana biyan bashi, yana zuwa gaisuwar mutuwa, su ne ya ɗora wa saƙon ya tafi da su.

Dokar da ta hana shaidar zur (ta tara a lissafin waɗansu ikkilisiyoyi, ta takwas a lissafin Katolika) yara sukan haddace ta a ajin baftisma kamar maganar kotu ce kaɗai. Amma Fitowa 23:1 ta faɗaɗa ta, ta hana baza labarin ƙarya, aya ta biyu kuma ta hana bin taro zuwa aikata mugunta. Doka ba ta tsaya a kan maƙerin ƙarya ba, ta kai ga mai dakonta. A 1 Sarakuna 21, Yezebel ce ta rubuta wasiƙu da sunan Ahab, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin Nabot. Dattawan ba su ƙaga makircin ba. Saƙo ne ya zo musu da hatimin babba, suka tara jama'a, suka zaunar da masu shaidar zur biyu, aka jefe maƙwabcinsu har ya mutu. Da an tambaye su, da sun ce su ma aiko musu aka yi.

Irin wannan ya faru a Jihar Filato a watan Yuni 2018. An kai hare-hare na gaske a yankin Gashish, an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Kirista, baƙin cikin kuma ba na ƙarya ba ne. Amma cikin hotunan da suka bazu a Facebook a ranar akwai waɗanda ba su da dangantaka da wurin. BBC ta bincika daga baya ta nuna cewa hoton wani mutum da aka sassara masa kai daga Kongo Barazabil ya fito, an kuma ɗauke shi tun 2012. Kashegari matasa suka tare hanya, suka fizgo matafiya Musulmi daga motoci, mutum 11 suka rasa rai. Wannan labari ba mai daɗin ji ba ne a majami'a, shi ya sa ya kamata a faɗe shi a can. Masu bi na Nijar sun san ɗaya gefen wuƙar: ran 16 da 17 ga Janairu 2015 a Damagaram da Yamai, fushi a kan zanen da wata jarida ta buga a Paris ya sauka a kan majami'u gommai da mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tokar ɗakin sujadarsa bai kamata a koya masa abin da taro mai fushi yake yi wa marar laifi ba. Hoton da ya fi wuyar ƙi shi ne wanda ya goyi bayan ɓangaren mutum, domin zuciya ta riga ta gaskata shi tun ido bai gama gani ba.

Maganar talla ba ta zub da jini haka, amma ta fi shiga gidajen masu bi kullum. Masu kasuwa sun gane cewa mutum ba ya yarda da allon talla kamar yadda yake yarda da wanda ya sani. Saboda haka suka daina sayen bango, suka koma sayen mutane. Akan ba wa mawaƙi, ko ɗan wasan kwaikwayo, ko wata mai mabiya da yawa kuɗi ko kaya, ta fito a ɗakinta kamar hira take yi da ƙawa, ta ce man nan ita ma shi take shafawa. A Oktoba 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, domin ta yabi wani kuɗin intanet ga mabiyanta ba ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba. A Yuni 2023 Faransa ta yi doka da ta tilasta wa irin waɗannan mutane su bayyana a fili in talla suke yi. Abin da dokokin nan suke nema tsohon abu ne: dillali ya tsaya a matsayinsa na dillali. Dillanci ba zunubi ba ne, la'ada kuma halal ce ga wanda ya yi aiki. Zunubin yana wurin dillalin da ya ɓoye la'adarsa ya sa rigar mai shaida.

Kalmar shaida tana da nauyi na musamman a bakin Kirista. Ran Lahadi mutum yakan tashi ya ba da shaida a kan abin da Ubangiji ya yi masa, jama'a su ce amin, ba wanda yake tambayarsa takarda, gama an ɗauka ba abin da zai samu sai ɗaukakar Allah. Wannan ƙofa ce masu zamba suka gano. Sa'ad da tsarin MMM na Sergei Mavrodi, mutumin Rasha, ya bazu a Najeriya, yana alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, da irin wannan shaida ya yi tafiya. Mutum ya ɗauki hoton kansa yana godiya, ya ce ya sa kaza ya karɓi kaza, ya tura wa ƴan'uwa. Ribar da ya karɓa kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne, kuma wanda ya kawo sabon mutum yana da lada a kai. A Disamba 2016, ana shirin Kirsimati, aka rufe asusun mutane. Da yawa cikin waɗanda suka ba da shaidar ba su yi ƙarya ba, sun karɓi kuɗin da gaske. Rabin gaskiyar da suka bari a ciki ita ce wadda ɗan'uwa ya fi bukata: cewa shigarsa tana ƙara musu. Irin wannan tsari bai mutu tare da MMM ba, suna kawai yake canjawa. Haka ma saƙon da yake cewa wanda ya tura wa mutum goma zai ga albarka kafin gobe, ko hoton yaro marar lafiya da aka ce a rubuta amin a ƙarƙashinsa: sau da yawa mai shafin mabiya yake tarawa, domin shafi mai jama'a yana da farashi. Dimitiriyas maƙerin azurfa na Afisa, a Ayyukan Manzanni 19, da zancen ciniki ya fara sa'ad da yake magana da abokan sana'arsa, da zancen allahiya ya ƙare. Birni ya yi sa'a biyu yana ihu, Luka kuma ya lura cewa yawancin taron ba su san dalilin taruwarsu ba.

Wani zai ce, to, talaka da ba ya jin Faransanci ko Ingilishi, ba shi da kuɗin sayen mega, ina zai bincika hoton Kongo? Maganar tana da ƙarfi, balle yanzu da ake iya ƙera murya da fuskar mutum da kwamfuta. Ba a neman kowa ya zama edita. Amma akwai abin da ko makaho yake iya tambaya: wa ya gani da idonsa, a wane gari, wace rana, wa zai ci riba in an gaskata, wa kuma zai sha wuya in ƙarya ce. Luka a farkon Bishararsa ya bayyana cewa ya bi diddigin al'amura daga wurin waɗanda suka gani kafin ya rubuta wa Tiyofilas. In labari mafi daɗi a duniya an bincika shi kafin a aika, labarin gishiri bai fi ƙarfin bincike ba. WhatsApp da kansa, bayan an kashe mutane a Indiya saboda jita-jitar satar yara, ya sa alama a kan saƙon da aka turo a 2018, a 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya. Alamar tana nan a bisan saƙo, ƴar kibiya ce, yaron gida yana iya nuna wa kakarsa.

Dokar hukuma ba za ta ɗauke wa lamiri wannan aiki ba. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, a 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna, a 2024 aka mayar da shi. A Yuni 2020 an tsare ƴar jarida Samira Sabou saboda abin da aka rubuta a shafinta na Facebook game da binciken kuɗin sayen kayan soja, a Yuli kotu ta sallame ta. Sandar da aka yanka domin maƙaryaci takan sauka a bayan mai tambaya.

Akwai kuma wurin da shiru ma laifi ne. A ƙauyukan kan iyaka da ƴan bindiga suke addaba, a kudancin Maradi ko a Zamfara, saƙon da ya ce an ga babura sun nufo gari yana iya ceton rai, ba kuwa lokacin bincike. Wanda ya riƙe irin wannan saƙo yana jiran tabbaci bai yi hikima ba. Harshen Hausa yana da maganin wannan tun ba a ƙera waya ba, ƴar kalma ce: wai. Bahaushe in ya ce wai an ga babura, ya gaya wa mai ji abu biyu a numfashi ɗaya, labarin da kuma iyakar saninsa. Maɓallin turawa shi yake cinye wannan wai ɗin, saƙo ya isa tsirara kamar mai turawa ya gani da idonsa. Mai bi yana iya mayar da ita. Maimakon ya tura muryar baƙo, ya danna ya yi magana da tasa: ban gani ba, wane ne ya kira ni daga gari kaza da la'asar, shi ma ji ya yi, ku yi hattara. In kaya yake yabo, ya ce ina da la'ada a ciki. Mai ɗinkin da ta ce zanen nan nawa ne, sayarwa nake yi, ba ta rasa mai saye saboda ta faɗa.

Sauran abu ɗaya, shi ne ya fi yi wa dattawa nauyi. Sa'ad da ta bayyana cewa saƙon ƙarya ne, mutane da yawa sukan share shi a ɓoye su yi shiru, kamar mai rufe kashi da ƙasa. Amma waɗanda suka ji sun riga sun ji, waɗansu sun tura gaba, wata ta riga ta kai kuɗin adashinta. Zakka bai tsaya ga daina cuta ba, ya nemi waɗanda ya cuta domin ya mayar musu. Wanda ya tura ƙarya ga zauren mutum sittin, bashinsa yana wurin mutum sittin ɗin. A zauren nan zai koma, da muryarsa, ya ambaci saƙon da ranar da ya tura shi, ya ce ba gaskiya ba ne, ya roƙi duk wanda ya kai shi wani wuri ya bi shi da wannan gyara. In sunan wani ne aka ɓata, ko Kirista ko Musulmi, sai ya taka da ƙafarsa har ƙofar gidan mutumin.